Inda hanyar albasarmu ta ƙare



Duk wanda ya taɓa shigowa ɗakinmu na radiyo ya ga wata gorar roba bisa taga, da ruwa ƙasa da rabi a ciki, yashi ya kwanta a gindinta. Wasu sun zaci magani ne. Wani dattijo ma ya taɓa tambayarmu ko rubutu ne anka ba mu don murya. To, ruwan teku ne. Mun ɗebo shi a Kwatano ƙarshen watan Fabrairun 2023, wata biyar kafin a rufe gadar Gaya. Mun ba da labarin tafiyar a shirin dare a lokacin, amma da gaggawa, tsakanin sanarwar biki da gaishe-gaishe. Shekaru sun shuɗe, kuma abin da munka gani a ranar ƙarshe ta wannan tafiya sai yanzu muke gane nauyinsa.

Mu uku ne daga radiyo: mu biyu masu magana, da abokin aikinmu mai kula da na'ura. Wanda ya ɗauke mu kawun ɗayanmu ne, ɗan kasuwar albasa, dukanmu Kawu muke ce mishi. Ya riga ya tura kamiyo biyu gaba, shi kuma zai bi baya da ƙaramar mota don karɓar kuɗinsa a Malanbil, Paraku da Kwatano. Munka roƙe shi wuri, ya ce in dai za mu iya zama kusan kilomita 1,200 ba mu dame shi da makirofo ba, bisimilla.

Hanyar ba za mu daɗe a kanta ba, da yawanku kun fi mu saninta. Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. A Dosso mun ga layin dogon da anka shimfiɗa daga Yamai, awaki na kiwo a gefensa, ba jirgi. Daga nan munka karya kudu zuwa Gaya, munka kwana. Da safe munka hau gada, kogin Kwara na ƙasa, masu kabu-kabu da masu amalanke da manyan motoci kowa na neman gaba. A lokacin ba wanda ya ɗauki gadar nan a bakin komai. Ka nuna takardarka da katin rigakafi, ka wuce.

Bayan Malanbil ƙasa ta fara canza launi. Wajen Kandi motocin auduga ne, sun yi lodi har suna rangaji. A Paraku mun ci sakwara da wagashi, mun ga tashar jirgin ƙasan da ya taso daga Kwatano, kilomita 438, ya tsaya nan cak. Tun 1959 ƙasashen biyu sunka kafa hukuma ɗaya ta wannan dogo, da niyyar wata rana ya kai Nijar. Kakanninmu sun jira shi, iyayenmu sun jira shi. Daga Paraku sai Sabe da Dasa masu duwatsu, Bohikon, Alada mai abarba, zufa na ƙaruwa, riga na manne wa jiki. Dare na uku munka shiga Kwatano.

A unguwar Zongo munka sauka. Abin da ya fara ba mu dariya shi ne mun yi tafiyar kwana uku don mu ga baƙuwar ƙasa, sai ga mai shayi yana ce muna "sannunku da hanya, ina mutanen gida?" da harshen Adar tsantsa. Mai tsire na Tawa, mai gyaran takalmi na Buza, mai canjin kuɗi na Maraɗi. Ko shinkafa da waken da anka zubo muna, mutanen can na ce mata atasi, wasu kuma wace, ka ji waken namu ne ya yi tafiya ya sake suna. Bayan sallar asuba a babban masallacin Zongo, in ka rufe ido ka saurari gaisuwa, sai ka rantse kana tashar Ƙonni.

Kwana biyu muna bin Kawu kasuwar Dantokpa, wadda ke bakin ruwan da ya haɗa tabkin Nokuwe da teku. Girmanta ya wuce a faɗa. Ka shiga ta nan ka fita ta can, ba ka san gabas ba. A nan munka ga albasar Galmi, mai jan bawo da ɗan shuɗi, an tsittsiba ta bisa faranti ana goge ta da tsumma tana ƙyalli kamar kayan ado. Munka tambayi kuɗin tsibi guda. Kuɗin da a Galmi, lokacin girbi, za a cika maka tasa har a ɗora gyara, nan albasa uku ne. Ɗayanmu ɗan manomi ne, da kuɗin albasa anka yi mishi lakkwal har ya gama lise. Ya tsaya yana kallon farantin nan bai ce komai ba.

Munka tasa Kawu da tambaya, mun zaci mun kama ɓarawo. Bai yi fushi ba. Ya zauna bisa buhu ya shiga lissafi da yatsu: kuɗin buhu da ɗinki, masu lodi, hayar kamiyo, gazuwal, duwan, abin da ake ajewa a shingayen hanya wanda ba a ba da takardarsa, masu saukewa, dillali, kuɗin rumfa. Sa'an nan ya sa anka kwance buhu guda ya zuba hannu ya fiddo waɗanda sunka ruɓe. Albasa mai son busasshiyar iska ce, in ta shigo damshin bakin teku kwanakinta ƙidayayyu ne. Ya ce: "Ku 'yan radiyo kuna ganin hwarashi, ni ina ganin ruɓa." Ba mu yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, don har yanzu muna ganin wanda ya yi wata huɗu yana ban ruwa shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta, kuma buhun nan da ake cikawa har a ɗinka mishi hula ba manomi ya ƙirƙiro shi ba. Amma mun daina zaton cewa mutum ɗaya ne ke cinye bambancin.

A cikin masu dakon da sunka sauke kayan Kawu akwai wani yaro, bai fi shekara ashirin ba, ɗan wani ƙauye na Illela. Da ya ji mu 'yan radiyon gida ne sai ya aje buhu ya zo yana share hannu da riga. Ya ce: "Yaya, ku ne masu shirin dare? Innata na jin ku." Rani na uku ke nan yana zuwa. Munka tambaye shi ko ya taɓa zuwa bakin teku yawo. Ya yi dariya ya ce yana hango shi in ya hau gada, amma ranar da ya tahi kallon ruwa wa zai ba shi na tuwo?

Sai ga shi Kawu ma haka. Sama da shekara ashirin yana zuwa Kwatano, abin da ya sani kasuwa, masallaci, tasha. Bai taɓa sa ƙafa cikin teku ba. Ya ce shi kuɗɗinai ya zo karɓa, ba wanka ba. Da kyar munka shawo kansa ya ba mu rana guda kafin mu juya, munka ce ma yaron nan mu za mu biya shi kuɗin yininsa, ya zo mu tafi.

Da sassafe munka hau zemijan, 'yan kabu-kabun can masu rawayar riga, munka bi babban titin Marina. A nan ne mutum-mutumin mayaƙiyar Dahome yake, wanda anka ƙaddamar a watan Yulin 2022, tsawonsa mita 30, mace riƙe da bindiga da takobi. Munka ɗauki hoto kamar kowa. Katangar tashar jiragen ruwa kuwa an cika ta da zane mai launi, tafiya mai nisa kana kallo. Yana da kyau, ba mu musa ba. Amma mu abin da ya tsayar da mu yana bayan katangar: kwantena bisa kwantena kamar an jera bulo, da ƙarafan ɗaukar kaya da sunka fi hasumiyar izin ɗin simintinmu ban tsoro. A bakin ƙofa da titunan kewaye, kamiyo ne jere, da yawansu da lambar Nijar, direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashi suna dafa shayi.

A lise malamin jeyogarafi ya sa mun haddace cewa Nijar "pays enclavé" ce, ƙasar da ba ta da bakin teku. Mun rubuta a jarrabawa, mun samu maki, ba mu ji komai a jikinmu ba. A gaban ƙofar nan ne kalmar ta shige mu. Tashar nan tana aiki tun tsakiyar shekarun 1960, kuma a lokacin da munka je, mafi yawan kayan da Nijar ke sayowa daga waje ta nan suke bi. Shinkafar da ake aunawa a kasuwar Malbaza, man girki, taliya, maganin da ke farmasi, tayar babur, motocin hannu da kuke gani suna wucewa ta Ƙonni a jere ba lamba, kusan duk sun sha iskar wurin nan kafin su sha ƙurarmu. Mai na'urarmu ya ce ashe ƙofar gidanmu tana cikin gidan maƙwabci.

Daga nan munka nufi Fijirose, bakin ruwa. Kafin mu gan shi mun ji shi. Wanda ya taɓa kwana kusa da izin a Malbaza ya san ƙugin nan na dare da ba ya yankewa. To haka, sai dai wannan yana numfashi, ya ja ya sake, ya ja ya sake. Munka ratsa itatuwan kwakwa, yashi na cika muna takalmi, sai ga shi.

Mu ruwan da munka sani yana da ƙetare. Magiya in ta kawo, kana hango mutanen wancan gefe suna jiran ta janye. Madatsar Mozage, ta Galmi, har Kwara a Gaya, duk kana iya nuna inda sunka ƙare. Wannan ba shi da wancan gefe. Ido ya tafi ya tafi har ya gaji, ruwa ya haɗe da sama, can nesa jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha, ƙanana kamar ƙwaro. Mu da aikinmu surutu ne, mun yi minti nawa ba wanda ya buɗe baki. Yaron Illela ne ya fara magana, a hankali: "Ikon Allah. Duk wanga ruwa, kuma ba a ban ruwa da shi?"

Kun ji tambayar ɗan Adar. Mu ma ita ce a ranmu. Mutumin da ya taso yana ganin uwa tasa na tafiya da jarka bisa jaki, ya ga ruwan da ba shi da iyaka, a ce mishi ko albasa ɗaya ba ya rayawa.

Wani mai sayar da kwakwa ya gargaɗe mu kada mu wuce gwiwa. Tekun wannan gaɓa yana da ja ta ƙasa, igiya in ta koma tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ko gwanayen iyo suna shakkarsa. Munka naɗe wando munka shiga kaɗan. Gaskiya ne, kana tsaye sai ka ji ƙasa na gudu. Munka ɗanɗana. Gishiri har da ɗaci. Kawu ya tsaya can baya riƙe da takalmansa, yana cewa wanga ruwa ba na wasa ba na, ku fito. Yana cikin faɗa wata igiya ta zarce sauran ta jiƙe mishi babbar riga har cinya. Ya yi salati, ya ja baya, sa'an nan ya fashe da dariya irin wadda ba mu taɓa ji daga bakinsa ba. Daga baya shi da kansa ya duƙa ya yi alwala da ruwan, yana ƙifta ido don yaji.

Can gefe masunta sun fi talatin suna jan igiyar koma guda daga tudu, suna waƙa don ƙafa ta zo ɗaya. Munka kama musu na ɗan lokaci, tafin hannu ya yi ja. Da komar ta fito, abin da ke ciki bai kai wahalar ba: ƙananan kifi, da leda mai yawa. Mata sunka zo da roba suna ciniki. Ka ga manomi da ɗan kasuwa ke nan, ko'ina akwai su.

Mai na'urarmu ya naɗi ƙarar tekun minti biyar cur, yana murna zai kawo wa masu sauraro tsaraba. Waɗanda ke jinmu a daren da munka sa ta za su tuna abin da ya faru. Waya ta dinga shigowa: "Tasharku ta lalace, shuuu kawai muke ji."

Da azahar munka ɗauki mota zuwa Wida, wajen kilomita 40 yamma da Kwatano. Nan dariya ta ƙare. Mai rakiya ya fara da dandalin Shasha, inda ake cinikin bayi, ya bi da mu hanyar ƙasa ta kusan kilomita 4 da ake kora su zuwa gaɓa. Ya nuna inda ya ce akwai wata itaciya da ake sa maza su kewaya sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta garinsu da sunansu. A ƙarshen hanyar, bakin ruwa, akwai babbar ƙofa da anka gina a 1995 don tunawa, ana ce mata ƙofar da ba a dawowa. Lokacin ana ta gine-gine kewaye da wurin.

Da ya ji muna Hausa sai ya ce ai naku ma sun bi ta gaɓar nan. Mun san haka a takarda, amma ji a wurin daban ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen da sunka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa, an kama mutane da yawa anka gangara da su kudu hannu zuwa hannu, har Wida da Ajashe da Badagiri da Ikko, anka zuba su jirgi zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil. A 1807 hukumar birnin Salbado ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi sunka tashi a wannan birni, akasarinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda anka kashe an samu layu da takardu da rubutun Arabiyya. Wato wani da ya yi karatun allo a gari irin namu, ya bi hanyar da munka biyo cikin kwana uku da mota, shi a ƙasa, da igiya a wuya, ya ga ruwan nan karon farko kamar yadda munka gan shi da safe. Mu mun ɗauki hoto.

Kuma kada mu yi saurin sa kanmu layin waɗanda anka zalunta kawai. Kafin mutum ya kai hannun Bature a Wida, hannun baƙi nawa ya bi? A cikin mota muna komawa ɗayanmu ya tuna muna cewa sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, kuma a watan Oktoban 2008 ne kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, wadda anka sayar tana da shekara 12. Ba a Barazil ba, a nan yankinmu na Ƙonni. Kawu ya ce a bar maganar. Munka bari, amma an riga an faɗe ta.

Kafin magariba munka sake tsayawa bakin ruwa munka cika gora biyu. Ɗaya saƙon kakar ɗayanmu ce, ta ce kada a dawo mata ba ruwan teku, ta ji ana cewa yana maganin ciwon ƙafa. Yaron Illela ya naɗa saƙon murya a wayarmu, ya ce mu sa wa innarsa a radiyo: yana lafiya, ya ga teku, zai zo kafin shuka. Washegari da asuba munka kama hanyar gida. A wurare da dama gefen hanya mun ga ana aikin bututun man da ya taso daga Agadem, kusan kilomita 2,000, ya ratsa jiharmu ta Tawa, zai ƙare a Seme, gabas da Kwatano.

Sauran kun san shi. Ranar 26 ga Yulin 2023 mulki ya canza a Yamai, ranar 30 CEDEAO ta sa takunkumi, gadar da munka haye muna hira ta rufe. Kamiyo sunka yi layi a Malanbil, kaya na lalacewa a ciki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefe, hukumominmu sunka ce namu zai zauna rufe saboda dalilan tsaro, kuma har farkon 2025 haka yake. Kayan da ke zuwa ta Kwatano da yawa sun koma Lome, su ratso Burkina da rakiyar soja. Wanda ke auna shinkafa ya san abin da wannan zagaye ya ƙara mishi.

Ba mu zo nan raba gardamar manya ba, kowane gefe na da abin da yake faɗi, kuma maganar tsaro ba wasa ba ce a ƙasar da ke binne 'ya'yanta. Abin da muke iya shaida shi ne abin da ke zuwa ɗakinmu. Tun watan Mayun 2024 jirgi ya fara ɗaukar man Nijar a Seme. Mai yana wucewa ta ƙarƙashin ƙasa, albasa kuwa sai an sauke ta a Gaya, a ɗora a kwalekwale, a sake lodi a wancan gefe, ko a zagaya da ita ta Najeriya. Kowane saukewa kuɗi ne, kowane jifa rauni ne a jikin albasa, kuma kun ji abin da Kawu ya ce game da ruɓa. In ɗan kasuwa ya lissafa wannan duka, wurin wa zai rage? Wurin mai rudu a Galmi da Tsarnawa, wanda ba shi da inda zai kai ta.

Kawu ya rage zuwa. Ya ce shekarunsa sun wuce hawan kwalekwale da kuɗi a aljihu. Yaron Illela ya zo shuka a 2023 kamar yadda ya yi alkawari, ya koma bayan girbi ta ruwa, ya turo muna saƙo cewa kayan gida sun ragu a kasuwa, dakon ma sai an yi rububi. Damanar bara bai zo ba. Innarsa ta aiko a tambaye mu ko muna da labarinsa, munka sa mata tsohon saƙon nan na bakin teku, da ƙugin ruwa a bayansa.

Kaka kuwa, da anka kai mata gorarta, ta buɗe ta shinshina, ta ɗiga a harshe, ta yamutsa fuska ta ce: "Allah sarki, da wanga suke dahuwa?" Ta shafa a gwiwa kwana uku, ta ce ba ta ga bambanci ba, ta bayar da sauran.

Tamu tana nan bisa taga. Zafin Malbaza na shanye ta kaɗan-kaɗan ko da murfi, gishiri ya fara yin fari a wuyanta. 'Yan Zongo da 'yan Dantokpa da ke karanta wannan, musamman masu dako 'yan Illela, ku bar muna saƙo a ƙasa ko ku kira shirin dare. Akwai wata tsohuwa da ke kunna radiyo tun bayan isha'i.